Maɗobiyar da Baffa Ya Hau

Ranar da muka tsallaka iyaka, abin da na fara lura da shi shi ne Baffa ya daina magana. Tun daga Burumburum bakinsa bai huta ba: nan akwai rijiya, can akwai wani aboki da suka yi kiwo tare suna samari, gaba kaɗan akwai kasuwar da kanwa take araha. Rabin abin da ya faɗa mun tarar da shi, sauran rabin kuwa ya zama gonar waken soya ko gidan mai. Amma da muka haye rafin da ya raba ƙasarmu da tasu, sai ya tsaya ya dogara da sandarsa, yana kallon dama da hagu kamar wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar an sauya wa kaya wuri.

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, domin har gobe muna da mutane a can. Yamma da mu take. A ofis Faransanci suke yi, a kasuwa kuwa Hausa tana fitar da mutum.

Baffa Umaru ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ni sunana Iro. Na yi sakandare a Tudun Wada, na yi acaɓa, na yi tallan katin waya, ban dai taɓa ɗaukar kaina makiyayi na gaske ba. Garken da muke kore da shi kuwa shi ne duk abin da ya rage wa gidanmu tun daga kakanmu, kuma Baffa bai da wani abu a duniya da ya wuce shi. Damina ta yi ta yi mana gardama. Fadamun da muke sakin shanu bayan girbi duk an killace su da tumatir da albasa. Dajin Falgore kuma, a lokacin, in ka shiga da shanu ka fito da sandarka to ka gode Allah. Na ce a sayar da rabi a sayi dusa a ciyar da rabi. Irin kallon da ya yi mini, gara a ce marina ya yi. Ya ce akwai ƙasar da ya je yana saurayi, ciyawa har tozon sa, can zai kai su su ga damina. Ba wanda zai raka shi sai ni, sai na ajiye babur na ɗauki sanda, ina ƙunƙuni.

A bakin iyakar ne wani Ɗanlami ya tare mu. Fari ne siriri, da jaka a hammata da baki kamar an shafa masa zuma. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baffa, ya kira shi Ardo, ya tambayi gajiya da ta dabbobi. Ya ce ba a shiga da shanu yanzu sai da takardar izini, amma tunda Allah ya haɗa mu da ɗan'uwa, shi zai sha wahalar. Ya tafi ya dawo da takarda mai hatimi shuɗi da hoton kan sa. Na juya ta, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Baffa, mutumin nan fara'arsa ta yi yawa."

Ya ce, "Kai kowa ɓarawo ne a wurinka. Irin wannan takardar na riƙe zuwana na baya, har kan san nan na gane."

Aka ba Ɗanlami ɗan bijimi, ya yi mana addu'ar sauka lafiya har da shafawa.

Muka kama tsohon burtalin da Baffa ya sani. Da farko akwai turakun siminti jefi-jefi a gefen hanya, an taɓa shafa musu fenti, wasu sun karye wasu sun kwanta. Baffa ya ɗan samu bakin magana, ya ce ga su nan, gwamnatin ƙasar ce ta kafa su don kada manomi ya ci hanyar shanu. Ba mu yi nisa ba turakun suka shige cikin wata gonar yazawa da aka zagaye da waya, suka ci gaba da tafiyarsu a ciki, mu muka tsaya a waje. Muka ratse ta kan duwatsu. Ƙafafun shanu suka fara tsagewa, masu shayarwa suka fara barin 'ya'yansu a baya. Ga zafin bazara, ga rafukan da muke baro wa a baya suna ƙafewa, ta yadda ko mun so juyawa ba ruwan da zai mayar da mu.

A wani shinge jandarmomi, 'yan sandan ƙasar, suka tsayar da mu. Na miƙa takardar da hannu biyu. Babbansu ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, suka kwashe da dariya. Da gurguwar Hausa ya ce mini wannan takardar ta tsohon tsari ce, an daina amfani da ita tun kafin a ɗauke shi aiki. Yanzu kowace gunduma ita take ba da izini, gwargwadon ciyawar da aka auna tana da ita, kuma baƙi su ne na ƙarshe a layi. Da Ɗanlami yana kusa a ranar, wallahi da ɗayanmu ya kwana a asibiti. Baffa ya karɓi takardar ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu, bai dube ni ba, ni ma na kawar da kai don kada ya ga abin da ke fuskata.

Jandarman bai zalunce mu ba, gaskiya ɗaya ce. Ya kalli haƙarƙarin shanun ya girgiza kai, ya nuna mana hanyar wani gari mai zango, ya ce mu je mu nemi izini a ofishin gandun daji, mu tsaya inda aka ce mu tsaya.

A zangon garin na fara jin kewar gida ta kama ni da gaske. Na je wata rumfa sayen tuwo, na ce, "Iya, a sa mini na dawa, a cika miya." Tsohuwar da ke sayarwa ta ajiye mara ta ɗago kai.

"Ɗan nan, sake faɗa in ji."

Na sake faɗa.

"Wannan bakin Kano ne. Daga ina?"

"Ƙasar Tudun Wada."

Sai ta dafe ƙirji. Iyayenta daga Bebeji suka zo da ita tana goye, fataucin goro ya kawo su suka zauna. Ba ta taɓa komawa ba, amma tana jin sunayen garuruwan a bakin uwarta: Kiru, Rano, Tiga tun kafin a tare ruwan. Sunanta Iya Talatu. Ta zuba mini miyar kuka da daddawa irin tamu, ta ƙi karɓar ko sisi, da ta ji da baffana nake tafe ta ce in je in zo da shi. Na kai loma ɗaya na ji ƙwalla ta taho, na ce yaji ne.

Da Baffa ya zo suka gaisa, gaisuwar manya mai tsawo, sai ya fara ba ta labarin ƙasar da take zaune a ciki tun tana jaririya. Ya ce zuwansa na farko gwamnati da kanta take kawo motar tumɓuke itatuwa don a shuka auduga, ana roƙon Fulani su kwana a gona saboda taki.

Iya Talatu ta ce, "An yi haka, Malam. A kan idona aka share dajin da ke bayan zangon nan, ana kiɗa."

"To me ya faru?"

"Ruwa ya fara ƙin zuwa a kan kari. In ya zo kuma ya zo da hauka, ya kwashe gada ya kwashe gona. Sai aka koma cewa a dasa. Kowace shekara a zo da manya da 'yan makaranta, a dasa a yi hoto a tafi, awaki su cinye kafin sati."

Baffa ya ce zuwansa na biyu ya ga wannan, har an ba shi ɗan dogonyaro a leda ya rasa yadda zai yi da shi.

Ta ce, "Wannan duk wasa ne. Daga baya aka ce shugabanninmu sun je taro da ƙasashen duniya a kan sauyin yanayi, sun sa hannu. Muka ji a rediyo muka ce maganar manya ce. Aka ce an rubuta tsari, muka ce takarda ce. Aka kafa hukuma, muka ce wasu sun samu wurin ci. Ranar da tsarin ya zama doka muka san da mu ake. Ni da kake gani itacen girki da gawayi nake sayarwa da, da shi na aurar da 'ya'yana. Rana ɗaya aka hana. Aka ba ni wani murhu mai tsimin itace aka ce in yi haƙuri."

Ta gyara zama ta rage murya. Ta ce abin da ya zo a baya-bayan nan shi ne ya fi tsanani. An mayar wa kowane gari dajinsa, an ƙirga manyan itatuwa an buga wa kowace ɗan gwangwani mai lamba. Wasu daga ƙasar waje suna biyan garin saboda itatuwan suna tsaye suna shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Lokaci-lokaci masu dubawa suna zuwa su auna. In sun tarar an yi ɓarna, a yanke abin da ake ba garin.

"Saboda haka yanzu ba ɗan gandun daji ne abin tsoro ba, Malam. Kowace mace mai tsintar kaɗanya 'yar gandun daji ce. Don girman Allah, bishiyar da ka ga gwangwani a jikinta, ko inuwarta ka sha ka yi a hankali."

Baffa ya ce, "Allah ya kiyaye. Mu ai ba ma kashe bishiya."

Na ji amsar, ban kuma kawo komai a raina ba.

Wurin da aka ce mu tsaya wani fako ne a gefen dajin garin, ba komai a kansa sai tsakuwa da kututturen ciyawar da aka riga aka cinye. Akwai famfon burtsatse a bakin gari, sun yarda mu shayar bayan mata sun gama ɗiba. Ruwa dai akwai, abinci ne babu. Ga daji kore shar a gabanmu, ba waya ba shinge, maɗobiya da kawo da maɗaci sun fitar da sabon ganye irin na gab da damina. Shanu su tsaya su miƙa wuya suna shaƙar iskarsa.

Kullum da safe sai in tafi ofishin gandun daji. Yau a ce kwamiti bai zauna ba, gobe a ce ana jiran sakamakon awon ciyawa daga babban birni. Mai kula da ofishin saurayi ne kamar ni, mai tabarau, ya iya Hausar kasuwa. Ba ya wulaƙanta ni, har kujera yake ba ni, amma kujera ba ta cika cikin saniya. Ran nan na kasa daurewa na ce masa, "Yallaɓai, kafin ku gama auna ciyawar nan, ƙashi za ku ba izini." Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce shi ma ɗan aike ne.

Muka sayar da tumakin da ke bin garken muka sayi dusa, ta ƙare. Wata karsana ta kwanta, muka ɗaga ta da sanduna, ta sake kwantawa, muka yanka. Wata mai ciki ta zubar. Baffa ya daina cin abincin da Iya Talatu take aiko mana, sai ya ce ya ƙoshi. Yakan zauna kusa da wata tsohuwar saniya mai farin goshi da muke kira Wule, wadda ita take jan garken, yana cire mata kaska yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa.

Wata rana bayan la'asar ina dawowa daga ofis hannu wofi, tun daga nesa na ga fakon ba kowa. Na bi sawu da gudu har cikin dajin, sai na ji sara.

Baffa ne a saman wata doguwar maɗobiya, ya ɗaure rigarsa a ƙugu, tsoho mai furfura, ya maƙale da ƙafa yana sauke rassa da adda. A ƙasa shanu sun yi cincirindo, ba ka jin komai sai ƙarar tauna. Rabona da jin wannan ƙarar har na manta. Ɗan gwangwanin yana nan a jikin bishiyar daidai goshina, da lambarsa. Na duba gefe, na ga ya riga ya gama da wasu.

"Baffa, sauko. Don Allah sauko."

"Bari in ƙarasa wannan reshen."

"Ba ka ji abin da Iya ta ce ba? Kashe mu za ka yi?"

Ya leƙo ta cikin ganye, ko a jikinsa. "Cewa ta yi an hana sare bishiya. Wa ya sare? Aski nake mata. Dubi kanta, na taɓa? Haka ubana ya yi wa itatuwan Doguwa, haka kakana ya yi, suna nan tsaye har yau. Kafin damina ta yi nisa za ta fi da cika."

Har ga Allah haka ya yi imani. A wurinmu mai sare bishiya daban, mai sauke wa shanu ganye daban. Akwai ƙa'ida: ba a taɓa kan bishiya, ba a bi ta shekara biyu a jere, ba a sara a bar tsage. Shi a ganinsa dokar da 'yan gawayi da 'yan katako take, ba da mutumin kirki ba. Ina cikin roƙonsa na hangi wasu mata da ƙorai a ka sun tsaya cak. Ɗaya ta ajiye ƙwaryarta ta juya da gudu.

Kafin ya sauko sun iso. Maza ne da adduna da bindigogin toka, da samari da gorori, suna magana da harshen da ba na ji. Na tsaya tsakaninsu da gindin bishiyar na ɗaga hannuwa sama, sandata a ƙasa. Wani ya ɗauki reshe ya kaɗa mini a fuska yana nuna gwangwanin. Wani ya kai wa maraƙi sara a cinya. Shanu suka fara watsewa. Baffa ya diro ya tsaya kusa da ni yana haki, addar tana hannunsa, na ce masa da Fulatanci ya yar da ita, ya yar. Na ga bakin bindiga ya daidaita da cikinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake.

Ƙarar babur ce ta cece mu. Saurayin nan mai tabarau ya kutso tsakiya, ya sauka bai ko kafe babur ɗin ba, yana ɗaga murya da harshensu. Ya kama hannun Baffa ya ɗaga, alamar ya kama shi, hukuma ce da shi yanzu. Da haka aka sauke bindigar. Aka tattara shanun aka kora su wani shinge a bayan ofis, aka sa kwaɗo.

Washegari aka zauna a rumfar mai gari. Na zo da shirin faɗa, na tsara maganganu a raina tun asuba. Mai garin dattijo ne, ya yi magana a hankali, mai tabarau yana fassarawa. Ya ce ya san Fulani, ya san askin bishiya, ubansa ma ya bar baƙi sun yi. Amma masu dubawa ba sa tambayar ko bishiya za ta tofo, abin da suka tarar a ranar shi suke rubutawa, kuma suna tafe kafin damina. Ya nuna famfon da ke bakin gari da sandarsa. Ya ce wannan ruwan da shanunku suke sha tun zuwanku, itatuwan nan ne suka haƙa shi. Ɗakin haihuwar da ake ginawa, su ne. Duk maganganun da na tsara suka tashi a banza.

Hukuncin doka a fili yake: dabbar da aka ciyar da bishiya mai lamba, an ƙwace ta. Duka garken ke nan.

Baffa yana zaune a kan buzunsa, ya kafa wa ƙasa ido. Ni na durƙusa. Ban taɓa durƙusa wa wani ina kuka ba sai ranar. Na ce a ɗaure ni, a yi mini bulala, a ɗauki rabi. Mai tabarau ya ce ba ciniki ake ba.

Sai ga Iya Talatu ta shigo da mayafinta, ta zauna a bakin rumfa inda mata suke zama, ta nemi izinin magana. Ta yi da harshensu, ta daɗe, har muryarta ta shaƙe. Daga baya na ji abin da ta ce. Ta tuna musu cewa shekarun baya, da aka fara ƙwace shanu, an zubar da jini a wata gunduma, shi ya sa aka yi wa dokar gyara: in garin da aka yi wa ɓarna ya yarda, mai laifi yana iya biya da aikin jikinsa a wurin renon itatuwa. Ba a taɓa yi a garin ba, amma yana cikin doka. Mai tabarau ya ce gaskiya ne. Aka yi ta muhawara har rana ta take. A ƙarshe suka yarda, da sharaɗi. Mai laifi zai zauna ya rena dashe, ya dasa, ya yi ban ruwa, har dashen ya ga damina biyu. Shanu kuwa su bar ƙasar nan take, da rakiyar jandarma har iyaka.

Na ce ni zan zauna. Ina da ƙarfi, na fi shi iya ɗaukar jarka.

A nan Baffa ya ɗago kai. "Wa ya hau?"

"Baffa, ba a nan take ba."

"Na ce wa ya hau? Kai ka hau?" Ya juya ga mai tabarau. "Yaro, gaya musu ni ne. Wannan ko kan jaki bai iya hawa ba."

Ko ban yarda ba, doka ta ce wanda ya yi. Aka tashi.

Washegari da hantsi aka buɗe shingen. Na tsaya a gaba na yi kira, na kaɗa sanda, na bi ta baya na kora. Shanu suka fito suka yi tsaye. Baffa yana bakin ƙofar wurin renon, tsakanin layukan baƙaƙen ledojin dashe, duk suka juya suna kallonsa. Wule ta taka ta je ta tsaya a gabansa. Na ja ta, ta ƙi. Jandarman rakiya ya fara duba agogo.

Baffa ya ce, "Muddin suna ganina ba za su tafi ba."

Ya shafa goshin Wule sau ɗaya, ya shiga ɗakin da ake ajiye ledoji da taki, ya ja ƙyauren kwano ya rufe. Bai yi mini sallama ba. Na tsaya a bakin ƙofar na ce, "Baffa, mun tafi." Daga ciki ya ce, "Kada ka bari su sha ruwan da ya kwanta. Ka gaida innarka." Na yi ta dukan dabbobin da ban taɓa duka ba har suka motsa. Wule tana tafe tana waiwaye tana kuka, ni ma ina yi, jandarman ya yi kamar bai gani ba.

Komowar ba zan iya ba da labarinta duka ba. Ruwan farko ya same mu bayan mun haye iyaka, sabuwar ciyawa ta tsinke wa wasu ciki. Wule ta kai mu har ƙasar Zazzau, can ta kwanta a gefen hanya ta ƙi tashi, na sa mata wuƙa da hannuna. Daga nan dole na koyi shiga gaba. Na koyi wadda take son bin gefe, da wadda ba ta sha in ana kallonta. Muryata ta dishe ta dawo wata iri. Da muka shiga rugarmu, Inna, matar Baffa, ta fito ta tsaya tana kallon shanu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na riga na gaya mata ta waya tun muna hanya, amma da ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce, sai da ta leƙa bayansa.

Babur ɗina na sayar. Kiwo ya zama nawa, damina da rani. Duk Juma'a nakan kira wayar Iya Talatu ta kai masa. Ba ya tambayar kowa sai ya gama tambayar shanu, kowace da sunanta. Na daɗe ina ɓoye masa mutuwar Wule, ranar da na faɗa sai ya mayar wa Iya wayarta. In na tambaye shi aiki sai ya ce, "Ana nan ana shayar da 'ya'yan mutane." Iya ce take gaya mini gaskiya: bayansa ya ranƙwafa saboda jarka, ya yi zazzaɓi ya tashi, mutanen garin sun saba da shi har suna aiko masa da doya.

Bayan damina ta biyu aka sallame shi. Ya ce kada in zo, kada in bar shanu. Iya Talatu ta sa shi a mota. Na ari babur na tarye shi a tashar Tudun Wada, na kusa wuce shi ban gane shi ba, ya ƙanƙance, hannuwansa sun yi kanta irin ta manoma. A hanya yake gaya mini, kamar labarin wani, cewa an sake yi wa dokar gyara. Yanzu an ware wani yanki a kowane daji inda makiyayi mai rajista zai sauke ganye a ƙarshen rani. Cikin abin da aka sa shi ya rena a watanninsa na ƙarshe har da maɗobiyar da za a dasa don haka. Na ce, "Wato da yanzu ne, da ba laifi?" Ya ce, "Ka kula da rami." Raina ya ɓaci, amma ban san wa zan zaga ba.

Da muka iso bai shiga gida ba. Mata sun fito, yara suna tsalle, ya ɗaga musu hannu ya wuce kai tsaye inda shanu suke kwance suna tuƙa. Na bi shi a baya. Ya tsaya a bakin garken ya daɗe yana kallo. Garken ya cika da ƙananan da aka haifa ba ya nan, maruƙan da ya bari sun zama karsana. Ya gyara murya ya yi kiransa, wannan dogon kiran da na tashi ina ji tun ina yaro.

Suka ɗago kai. Wata tsohuwa ta kaɗa kunne. Suka ci gaba da tuƙa.

Ya sake yi, ya fi na farko ƙarfi, har muryarsa ta karye a ƙarshe. Ba wadda ta tashi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara cewa sun ƙoshi ne, zafi ne, sai ya ɗaga mini hannu.

"Iro, kira su in ji."

"Baffa, bari sai anjima."

"Kira su."

Na yi a hankali, can ƙasan maƙoshi, ina fatan kada su ji. Suka miƙe gaba ɗaya, manya da ƙanana, suka taho suka wuce ta gefensa suka kewaye ni. Yana tsaye suna gogar rigarsa.

Ya bi su da kallo har ta ƙarshe ta wuce. Ya ce, "Sun yi kyau. Kai su rafi, rana tana yi."

Ya juya ya nufi gida. Na kora su, ban yarda na waiwaya ba.